Malamar Lissafi ta Geceme

Maimunatu Mani tana koyar da lissafi a wata lakwal, wato makarantar boko, a Geceme. Yara suna ce mata Madam, kuma kusan babu wanda ya san ta taɓa fara digirin dakta a Aljeriya.

A can ta yi nisa da bincike a kan wata raga da ake ginawa da lissafi don kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Raga biyu ake haɗawa, ɗaya tana gaba ɗaya tana bi, saƙon da ke tsakaninsu kuma yana isa a makare. Irin lissafinta ba ya tsayawa a mataki cikakke, yana aiki da rabi ko sulusin mataki, don haka duk abin da raga ta yi a baya yana shafar abin da za ta yi yanzu. Tambayarta ita ce: yaushe ta bayan za ta daidaita da ta gaban duk da jinkirin?

Tana cikin haka ɓarin jikin mahaifinta, Mani, ya shanye. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, yayyenta maza suna Kwatano da iyalansu. Ta tattara ta dawo.

Ba ta bar aikin ba. Ran Asabar takan bar tsohon a hannun maƙwabciya, ta hau kabu-kabu zuwa Dogon Dutsi inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi ƙarfi, ta aika wa Fa'iza abin da ta samu. Fa'iza ƴar Aljeriya ce, abokiyar bincikenta, ita kaɗai ke gane maganarta.

Wata damina, da la'asar, layuka biyu masu nuna tafiyar kowace raga a fuskar ordinatarta, wato kwamfutarta, suka matso, suka haɗe, ba su sake rabuwa ba. Ta ƙara jinkirin, suka sake haɗewa. Ta kira Fa'iza.

"Barka," in ji Fa'iza. "Amma ni na samu aiki a kamfani, na bar bincike. Ki fitar da aikin da sunanki ke kaɗai."

Maimunatu ta ajiye wayar. Sannan ta ɗauki ordinatar ta kai wa mahaifinta a zaure.

"Baba, duba. Sun daidaita."

Ya ƙura ido. "Mi ne na wanga, ɗiyata?"

Ta fara bayani, ta ga ya ɓace tun jimlar farko, ta bari.

"Abin kirki na?" ya tambaya.

"I, Baba."

"To Allah shi yi albarka. Gyara mini matashi."

Ta gyara masa.

Mani ya rasu bayan girbin hatsi. Da wata mujallar kimiyya ta buga aikin, gidan ba kowa sai ita. Ta gaya wa malamai a lakwal, suka yi mata barka da zuciya ɗaya, hira ta koma kan jarrabawa.

Bayan watanni wani ɗalibi daga Indiya ya rubuto yana tambaya a kan wani mataki da bai gane ba. Ta ba shi amsa doguwa, har da misalan da bai nema ba. Ya yi godiya a layi guda, bai ƙara rubutowa ba.

Yayyenta suna ta cewa ta koma Yamai. Ta ce sai yaran ajinta sun gama shekara. Shekarar ta ƙare, ba ta tafi ba. Bana ta nemi a ba ta ƴan aji na farko.