Ƙafar Tankin Unguwarmu

Jiya na tarar da Kakana, mai kirana amarya don wasa, zaune a inuwar tankin ruwan unguwarmu, nan Rogo Ruma. Ɗaya daga cikin ƙafafun tankin ta lanƙwashe. A da takan miƙe in ruwa ya ƙare, yanzu ta daina.

Ina jin nauyin magana gaban manya, amma na durƙusa.

"Kaka, don Allah ka tashi daga nan."

"Ke amarya, ƙarfen silba ne, ba ya tsatsa."

"Ba tsatsa ba ce, Kaka. Nauyi ne ya fi ƙarfinsa."

Ya daɗe yana kallon ƙafar. Sai ya naɗe tabarmarsa, ya kori yara daga wurin, ya aika a kira mai walda.

Masu shan inuwar tanki, yaushe rabonku da duba ƙafafunsa?