Mai Fenti da Jikarsa a Saman Gajimare

Mai Fenti ake ce masa a layinsu, har ya daina jiran a kira shi da wani sunan. Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da katifa, cike da gwangwanaye da burushi da allunan da masu su ba su zo sun ɗauka ba. Duk wani kan mutum da ke jikin shagon aski a unguwar, duk wata kaza mai murmushi a ƙofar gidan abinci, aikin hannunsa ne. Bai taɓa yin nisa da gida ba. In aka yi masa zancen tafiya sai ya ce, "Ni tsani ma ya ishe ni hawa."

Jikarsa ce ta sa shi shiga jirgi. 'Yarsa ma'aikaciyar jinya ce, ta samu aiki a ƙasar da mijinta ke karatu, ta bar yarinyar tana rarrafe da niyyar a biyo ta da ita ba da jimawa ba. Takardu suka ja lokaci. Kafin su fito yarinya ta yi ƙafa ta yi baki, kuma duk a shagon kakanta ta yi su. Ranar da ta tsoma hannu biyu a gwangwanin fenti ta shafe fuska, ranar ta samu sunan Shuɗiya. Da tafiya ta taso, likita ya hana matar Mai Fenti zuwa saboda hawan jini.

"Kai za ka kai mutuniyarka," in ji matarsa tana cusa kaya a jaka. "Dama mu ba mu da fada a wurinta."

Da hantsi jirgin ya tashi. Mai Fenti ya so ya ji tsoro, amma bai samu sarari ba, don Shuɗiya ta riƙe kunne ta fasa kuka. Ya ba ta ruwa ta tsotsa, ya fito da 'yar tsana, ta jefar. Motar roba ta gangara ƙarƙashin kujeru, ba a sake ganinta ba. Biskit ya zama gari a cinyarsa. Matar da ke gefensu, mai tabarau, tana aiki a kwamfuta, ta ɗan ja jikinta. Da ya tambayi ma'aikaciyar jirgi ko an kusa, sai ta yi murmushi ta ce, "Baba, ai yanzu muka fara."

Ta ajiye masa kofin ruwa a ɗan teburin gabansa. Yana kallonsa, yatsansa ya shiga ciki da kansa, ya ja layi a kan teburin. Baki, zanko, jela mai lanƙwasa.

"Waye wannan?" ya tambayi jikarsa.

Shuɗiya ta haɗiye kukan. "Zakara."

Ta sa masa ido. Iskar cikin jirgin busasshiya ce, sai zakaran ya fara ɓacewa, jela tukuna, sannan ƙafafu, har tebur ya koma fari fes. Ta ɗaga teburin ta leƙa ƙasa.

"Kaka, ina ya tafi?"

"Ya fita shan iska. Duba ta taga."

Suka haɗa kai a jikin gilashin. Gajimare ya shimfiɗu ƙarƙashinsu iyakar ganin ido, rana na kwance a kansa, wani wurin ya taru kamar tsauni, wani wurin ya yage ana hango ruwan teku can ƙasa, shiru kamar ba ya motsi. Ta daɗe tana nema, sannan ta dangwala yatsa ta ce ga shi can. Shi ma da ya kanne ido sai ya gan shi.

Haka suka yi ta sallamar dabbobi. Kifi ya fita, mage ta bi shi, raƙumi ya tafi da wuyansa a ƙarshe. Matar mai tabarau ta rufe kwamfutarta ta ce, "Baba, ko za a yi min giwa?" Aka yi mata. Ita da Shuɗiya suka yi gardama a kan wace giwar ce tata a cikin gajimaren, matar ta haƙura ta ɗauki ƙaramar.

Da ruwan kofin ya ƙare, ya riƙe hannunta suka bi tsakanin kujeru har bayan jirgi, tana gaida kowa, tana taɓa takalman masu barci. Suka dawo aka kawo abinci, ta ci cokali biyu ta zuba masa sauran a aljihu. Can sai kanta ya yi nauyi a ƙirjinsa.

Bai motsa ba, ko da hannunsa ya sage. Ya yi ta kallon waje. Tun yana saurayi yake zana gajimare a bayan hotunan shaguna, fari da ɗan shuɗi, bai taɓa sanin yana da kwari da inuwa mai ruwan hoda ba. Ya ji kamar jirgin ya tsaya cak, duniya ce ke wucewa a hankali. Numfashinta na ɗumama masa wuya, sai a lokacin ya tuna cewa shi kaɗai zai koma.

Rana ta yi sanyi lokacin da suka sauka. A wurin tarbar matafiya 'yarsa ta durƙusa ta buɗe hannu, idonta cike da hawaye. Shuɗiya ta laɓe bayan rigar kakanta tana leƙe.

"Zo mana, ni ce," in ji uwar.

Yarinyar ta gane muryar, don a waya ta saba jin ta. Ta kalli matar, ta laluba aljihun kakanta ta zaro wayarsa, ta juya ta gaba da baya.

"Kaka, Mama ta fito."

"Ta fito," ya ce. "Je ki taɓa ta ki ji."

Ta tafi a hankali, ta ɗora tafin hannu a kumatun uwar.

Ya zauna da su har ta saba kwana ba tare da shi ba, sannan ya ce aiki na jiransa. Ranar da zai tafi Shuɗiya tana tsakar ɗaki tana jera takalman ubanta, ta ɗaga masa hannu ba ta ko waiwayo ba. 'Yarsa ta ji kunya, ta fara ba shi haƙuri.

"Ƙyale ta," ya ce yana ɗaukar jakarsa. "Abin da na zo yi kenan."