Yadda Baba Fakter Ya Ci Duniya

Duk wanda ya san Baba Fakter a unguwar Birni ta Damagaram ya san goronsa. Ƙwaya ɗaya tak yake saye kowace safiya, fari, ya sa ƴar wuƙarsa ya raba shi huɗu: kashi ɗaya da hantsi, ɗaya bayan azahar, ɗaya bayan la'asar, na huɗun kuma na baƙo. In baƙo bai zo ba har magariba, sai ya dubi hagu ya dubi dama, ya ce, "To, Mutari, sannu da zuwa," ya jefa a baki. Cikin tsumma mai laima yake naɗe shi, ya tura can ƙasan tsohuwar jakar wasiƙunsa, wadda ko biki za shi tana rataye a kafaɗarsa.

Shekara talatin ya yi yana raba wasiƙu a kan keke, daga Birni zuwa Zango, shi ya sa sunan Fakter, wato mai raba wasiƙa da Faransanci, ya danne nasa na yanka, Mutari. Ƙafarsa ba ta taɓa wuce garin Takeita da ke nan kusa ba, amma babu ƙasar da bai sani ba, don duk ya gan su a jikin tambur ɗin da ake manna wa wasiƙa. Ni jikarsa ce, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Maganarsa kuwa kun san ta: "Wasiƙa ba ta ɓata, jinkiri take yi." Damina ta yi latti, ita zai faɗa. Tuwon kakata Iya Falmata ya yi latti, ita zai faɗa, da ƙarfi kuma, yadda za a ji daga madafa.

Mutumin nan ya tsani karta. Samari nawa ya kora daga inuwar dogon yaron ƙofar gidansa da sanda! To ni malamar lakol ce, wato makarantar boko, na je wani taro Yamai na dawo da wani wasa na kati don ƴan ajina su riƙe sunayen ƙasashe. Kowane kati ƙasa ce, ga wasu katunan kuma na soja da kake kifewa a bayan ƙasashenka. In layi ya zo kanka, ko dai ka matsar da sojanka, ko ka kai wa wata ƙasa hari. A buɗe katuna, mai soja da yawa ya ɗauke. Wanda ya fara haɗa ƙasa goma ya ci duniya. Kafin shayi ya tafasa an gama.

Ina shimfiɗa su a tabarma ina koyon abin ni kaɗai, sai na ji inuwa a kaina.

"Uwata! Karta? A gidana?"

"Tsoho, ba karta ba ce."

Ya ɗauki kati ɗaya zai yaga, sai ya tsaya, ya matso da shi kusa da ido. "Kai! Gabon! Ɗan gidan Malam Ari ne a can, kowane wata uku sai ya rubuto." Ya ɗauki wani. Ya ɗauki wani. Sai ga shi ya zauna.

Iya ta leƙo. "Au, yau kuma kai ne da karta?"

"Falmata, ke da ba ki yi lakol ba, yi shiru. Karta ita ce mai hoton Bature da gemu. Wannan jografi ce."

Washegari ya aika a kira masa Majo Yohanna. Wanda bai san Majo ba, shi ne tsohon babban ma'aikacin jinyan nan na Zango, Kirista, abokin Tsoho tun suna samari. Shekara arba'in suna musu a kan komai, tun daga wanda ya girmi wani har zuwa wace rijiya ta fi daɗin ruwa. Na koya musu wasan sau biyu. Majo ya kama nan take. Tsoho ma ya kama, sai dai ya ƙara dokokinsa da babu su a takarda.

Doka ta farko, ba ya kai hari sai ya yi sallama.

"Majo, salamu alaikum. Ka shirya, in layi ya dawo kaina zan shigo maka ta Indiya."

Na ce, "Haba Tsoho! Ai ba a faɗa!"

"Uwata, shekara talatin ina shiga gidajen mutane, ban taɓa faɗa wa kowa ba sallama ba. Sai yanzu da furfura zan fara?"

Majo ya ce, "Marhaba, Fakter," ya tattara sojansa duka ya jibge a Indiya. Tsoho ya shigo kamar yadda ya yi alkawari, aka cinye shi ƙurmus. Wasa uku a jere haka. Majo ya yi dariya har da riƙe ciki, ya miƙa hannu ya ce a ba shi kason baƙo na goron. Nan fa ran tsoho ya ɓaci. Ya miƙe tsaye, hularsa a karkace.

"Wallahi tallahi, goro bai ƙara shiga bakina sai ran da na ci ka a wasan nan!"

Iya daga ɗaki ta ce, "Innalillahi! Mun shiga uku."

Gaskiya ta faɗa, don dokokin Tsoho ba su tsaya a sallama ba. Ƙasata ba ya taɓawa in ina cikin wasan: "Wa ya taɓa kai wa uwarsa yaƙi?" Makka ba a ma maganarta. Najeriya akwai surukansa a Daura. Libiya da Aljeriya, ya sha kai wa iyaye mata wasiƙun ƴaƴansu daga can, ya ga hawayensu, ba zai je ya tayar wa yaran mutane da hankali ba. Gana kuwa, ƙasar goro!

"In na ƙone ta, ran da na fita daga rantsuwa me zan ci?"

Majo, da yake mugu ne, nan da nan ya gano lagonsa. Sai ya riƙa barin Gana da Najeriya wayam, ko soja ɗaya babu, ya ma buɗe masa ya gani. Tsoho ya kalle su ya haɗiye miyau ya kau da kai. Abin da ya rage masa sai ƙasashen ƙanƙara, waɗanda ko wasiƙa ɗaya ba ta taɓa fitowa daga cikinsu ba. Su yake ci da zuciya ɗaya. Ranar da ya kama wata can ƙuryar arewa, sai na ga ya ɗauke katunan sojansa ya cusa a ƙarƙashin hula.

"Tsoho, mayar da su, magudi ne wannan."

"Wane magudi? Yaran Damagaram ne, ko bargo ba su tafi da shi ba."

Ƙasa ɗaya ce yake kai wa hari da murna, ko da riba ko babu: Faransa. Ko soja biyu gare shi, ita tana da goma, sai ya yi sallama ya faɗa mata. Na ce masa wannan asarar soja ce kawai. Ya ce, "Uwata, mutanen nan sun kawo mana ziyara sun daɗe. Rashin kunya ne a ce ba mu rama ba."

Wata ɗaya, wata biyu, har wata bakwai. Kullum bayan la'asar Majo zai sauko daga kabu-kabu, a shimfiɗa tabarma, a cinye Tsoho, a naɗe tabarma. Kuma kada ku ɗauka ya daina sayen goro. Kowace safiya sai ya saya, ya raba huɗu, ya shinshina, ya rabar. Bakinsa da muka saba gani ja ya koma fari fat, faɗa kuwa har da kajin gida. Ya ce wa zakara yana cara ba kan lokaci ba.

Iya ta gaji ta je wajen limamin unguwa, ta dawo da fatawa: ya ciyar da miskinai goma, rantsuwa ta warware. Har ta auna hatsi.

"Ciyarwa kam a ciyar, lada ne," in ji Tsoho. "Amma goro ba zan ci ba. So kike Majo ya zaga Zango yana cewa na bi ta bayan gida?"

Aka ciyar da mutum goma, suka yi godiya suka tafi, muna nan inda muke.

Sai muka ƙulla da Majo a ɓoye, ni da Iya, ya bari a ci shi sau ɗaya don Allah. Majo ya yarda da ƙyar. Ranar ya riƙa zubar da ƙasashe kamar mai ɓarin gyaɗa, yana wani "Kash! Ban gani ba." Tsoho ya kai ƙasa tara, saura ɗaya. Iya har ta fito da goro a faranti. Sai ya aje katunan a hankali, ya zuba wa Majo ido.

"Majo, shekara arba'in kana yi mini allura, ba ka taɓa tausaya mini ba. Yau ne ka zama mutumin kirki?"

Ya hargitsa katunan da tafin hannu. Kwana uku bai yi mini magana ba, ni uwarsa guda.

Da na ga haka sai na ce bari in koya masa dabara ta gaskiya. Mako guda ina zama da shi da hantsi: "Tsoho, ka ce za ka shiga nan, sai ka shiga can. Kowa haka yake yi." Yana ji yana gyaɗa kai. Iya kuwa, da bakinta bai riƙe magana, ta tare Majo a zaure ta ce masa, "Ka shiga taitayinka, malamar lakol ta koya masa wayo."

A makon ne ciwo ya kwantar da Tsoho. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi. Majo ya duba shi, ya fito tsakar gida ya tsaya yana kallon ƙasa, ni kuwa na gane. Tsoro ya kama ni, kuma wallahi abin da ya fi ci mini rai shi ne tsohon nan zai tafi da bakinsa fari saboda wasan da ni na kawo gidan.

Ran Laraba bayan la'asar ya ce a tayar da shi a jingina shi da bango.

"Uwata, kawo jografi. Majo, zauna. In ka saki mini ko ƙasa ɗaya, ban yafe ba."

"Ni? Sai dai in ƙara maka ciwo," in ji Majo.

Ni na riƙe masa katunan don hannunsa ba ya iyawa. Allah ya ba shi ƙasashen ƙanƙara a ranar, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya kai tara. Majo ma tara. A gaban Tsoho ƙofa biyu ce: Faransa, inda Majo ya kife tulin soja, da Gana, wadda ya bari wayam kamar kullum. Duk mai hankali ya san inda zai bi.

Tsoho ya yi wani murmushi da ban taɓa gani ba, ya kashe mini ido.

"Majo, salamu alaikum. Zan shigo ta Faransa."

Majo ya dube shi. Ya dube ni. Ya dubi Gana. Na ga gumi a goshinsa.

"A'a, Fakter! Ni za ka yi wa? An gaya mini an koya maka wayo. Wata bakwai ba goro, ga ƙasar goro a buɗe, ka ce mini Faransa?" Ya kwashe sojansa kusan kaf daga Faransa ya tare Gana, ya naɗe hannu.

Tsoho ya ce, "Uwata, aje mini a Faransa."

Aka buɗe. Soja ɗaya tilo Majo ya bari. Ƙasa goma!

Iya ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Majo ya kama kai. "Amma kai mugu ne!"

"Ni? Me na ce maka? Na yi sallama ko ban yi ba?" Yana dariya tari na sarƙe shi. "Wasiƙa ba ta ɓata, Majo. Falmata, goro!"

Ya karɓi wuƙarsa, ya ƙi a taya shi. Ya daɗe yana fama kafin ya raba shi huɗu. Ya ba Iya ɗaya, ya ba ni ɗaya, ya miƙa wa Majo na baƙo. Nasa ya sa a kunci, don ƙarfin taunawa ya ƙare, ya rufe ido yana tsotsa. Can ya ce, "Kai, Gana ta yi albarka. Da na ƙone ta fa?"

Ran Juma'a da hantsi ya cika.

Har yau in an tsokani Majo cewa sakin masa ya yi, sai ya tashi da faɗa, ya ce shi ba a taɓa cin sa da gaskiya irin ta ranar ba. Sadakar uku ya zo da ƙwaryar goro, ya zauna a ƙofar gida yana raba kowane ɗaya huɗu da wuƙar Tsoho, yana kuka kamar yaro, mutane na karɓa suna dariya suna share ido. Katunan suna nan cikin jakar wasiƙu, ban ƙara kai su lakol ba.

Allah ya jiƙan Baba Fakter. Bai taɓa shiga gidan kowa ba sallama ba; ya Allah, ka amsa masa tasa, ka buɗe masa ƙofa, ka sa ya tarar da uwarsa ta gaskiya tana jiran sa. Amin.