Inda Baba Ya Tsaya

Gab da samun mulkin kai ina koyarwa a makarantar elemantare a Rano, ga ƙuruciya, ga ƙamus ɗin Turanci a hammata, kai ya kumbura. Duk kalmar da na ci karo da ita sai na tono asalinta, ko ba wanda ya aike ni. A haka na faɗa kan bewilder, wato ruɗewa, mutum ya rasa gabas ya rasa yamma. Ƙamus ya ce tushenta daji ne: a kai mutum inda ba hanya ba gida, ya yi ta bulayi. Na yi tsaki, na ce ashe makuwa ce kawai ake ta ja wa rai.

Da aka yi hutu na tafi gida Durba, na ba mahaifina labari. Ya yi dariya ya ce, "Su Turawan daji nawa suka shiga? Ni dai tun da nake, makuwa ba ta taɓa kama ni ba."

Ba cika baki ya yi ba. Daga Durba har bakin Kibiya, in an yi rikicin iyakar gona shi dagaci yake aika wa. Ya san kowace tsamiya, kowane suri, har kututturen da gara ta cinye tun ina goye. Da wannan ake girmama shi, ba shi da wata sarauta sai ita.

Amma mu a gida mun fara ganin abin da muke ɓoyewa. Sai ya ci tuwo ya wanke hannu, ya ce yau ba za a ba shi abinci ba ne? Ran nan aka aiko: wuta ta cinye gambar da ta raba gonakin wasu 'yan'uwa biyu, ga damina ta matso, suna neman ba hammata iska. Inna ta ja ni gefe ta ce, "Kada ka bari ya je." Ni da kaifin baki na ce, "Haba Inna, Baba ne fa!" Har yau ina jin haushin kaina.

Muka isa da hantsi, mutane sun cika gonar. Baba ya shiga gaba da sandarsa, ana biye da shi. Ya yi tafiya kaɗan, ya tsaya. Ya dubi tsamiya, ya juya ya dubi dutse, ya sake juyawa. Gumi ya karyo masa. Ga rufin ɗakunan Durba can ana hangowa. Sai ya dube ni, ni ɗansa, ya ce a hankali, "Samari, don Allah ina hanyar Durba?"

Kowa ya ji. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Babban cikin masu rikicin, wani mafaɗaci da ban taɓa ƙauna ba, ya taho da fartanya. Ya durƙusa ya sari ƙasa daidai ƙafar Baba, ya ɗaga murya ya ce, "Nan ne, Baba! Inda ka tsaya ɗin nan, na yarda." Kowa a wurin ya san wajen kunya goma ya bar wa ƙanensa. Ƙanen ya buɗe baki, ya dubi Baba, ya rufe. Aka shafa fatiha, ana ta "Allah ya ƙara girma, Baba." Bayan ruwan farko suka dasa gamba a wurin, iyakar ta karkace, ba wanda ya sake ta da maganar.

A hanyar komawa Baba ya riƙe hannun rigata gam, yana murmushi. Muna gab da shiga gari ya ce, "Samari, kana da hankali. Ɗan wane ne kai?"

Na ce, "Ɗan mai nuna iyaka ne, Baba."

Ya ce, "Af! Na san shi."