Kwaɗon Zogalen da Na Riƙa Ci wa Mahaifiyata

Shekarun baya can, lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu da ke gefen Ɗanbatta, mahaifiyata ta fara kukan ƙafafunta sun yi mata nauyi. Mace ce da ba ta iya zama wuri ɗaya. In ba ta gyaran wake a tsakar gida, to tana gidan wata wajen barka ko dubiya. Sai ga shi daga ɗaki zuwa madafa ma sai ta dafa bango. Mun ɗauka tsufa ne da hawan jinin da ta daɗe da shi. Sai da ta ce wani lokaci tana jin zuciyarta na bugawa ba daidai ba, sannan yayana ya ce a kai ta Kano.

A asibiti aka ɗebi jininta. Da sakamakon ya fito, likita ya zaunar da ni ya ce ƙodarta ta yi rauni, ba ta iya tace wani sinadari da ake kira fotasiyam, shi ne ya taru ya yi yawa a jininta. Na tambaye shi ko abin yana ciwo. Ya ce ai nan matsalar take, sau da yawa ba ya ciwo kuma ba ya sallama, in ya haura sosai zuciya yake taɓawa, tana iya tsayawa mutum na zaune yana hira. Ya canza mata maganin hawan jini, ya ƙara wasu, sannan ya shiga lissafo abin da za ta ƙaurace wa: ayaba, lemo, dabino, dankali, wake, gyaɗa, tumatir mai yawa, har da zogale. Ina sauraro ina cewa a raina, bawan Allahn nan ai gonarmu ya karanto kaf.

A gida ba mu sha wahala ba. Matar yayana ta ware mata tukunyarta, kowa ya haddace dokar. Abin da ba mu lissafa da shi ba shi ne 'yan dubiya.

Wanda ya san yankinmu ya san gona na jikin gona, ƙauye na kallon ƙauye, kuma ba a zuwa duba marar lafiya haka kawai. Me ake kai masa? Ayaba, lemo, dabino, ko abin da aka tsinko a gona. Ita kuwa mahaifiyata tana da ƙa'idar da ta tashe mu a kai: abin da aka kawo maka, ka ci a gaban mai shi ko da loma ɗaya ce, don ya san ba ka raina ba. To loma ɗaya daga hannun kowa, a garin da kowa naka ne, ai ta wuce loma. Da muka koma awo, abin ya haura fiye da na farko. Ranar ba a bar mu mun dawo gida ba. Aka kwantar da ita, aka sa mata ruwa, aka manna mata wayoyi a ƙirji. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Da aka sallame mu, sai na naɗa kaina jami'in kwastan. Ina tashi daga makaranta zan shimfiɗa tabarma a zaure. Duk wadda ta zo da leda ko kwano sai na buɗe na duba, in yi godiya, in ajiye a gefe. Matan unguwa suka fara tsokanata wai Malam ya kafa shingen bincike, sauran bindiga. Ni ko a jikina, har wani jin kaina nake yi.

Ana haka aminiyarta ta zo. Tare suka tashi tun suna 'yan mata, aure ya kai ta wani ƙauye wajen Tofa, mu kuma Gwaggo muke kiranta. Duk daminar duniya sai ta kawo kwaɗon zogale da hannunta, ƙuli-ƙuli ya ji, ga albasa da tumatir. Ranar ma shi ta ɗauro a ɗankwali. Na yi mata bayani iya taushin da na iya. Ta ajiye kwanon ta shiga. Ba ta jima ba ta fito, tana ta gyara mayafi kamar wadda ta yi laifi.

Bayan la'asar mahaifiyata ta sa aka kira ni. Ba ta ɗaga murya ba.

"Auta, tun muna 'yan mata ba ta taɓa shigo mini hannu rabbana ba. Yau ka sa ta zauna kamar baƙuwa."

Na ce, "Inna, ranki nake ji."

Ta ce, "Na sani. Amma in mutane suka ɗauke ƙafa, wane ran za ka tsare?"

Ban saurare ta ba, don wayoyin nan na ƙirjinta ba su bar idona ba. Amma maganarta ta tabbata. Masu zuwa suka ragu. Wadda ba ta da abin kawowa sai na gona, ta gwammace ta aiko da gaisuwa da ta zo a tare ta a zaure. Tsakar gidanmu da ba ya rabo da takalman baƙi ya yi tsit. Mahaifiyata ta rage magana, ta rage cin ɗan abin da aka halatta mata ma. Sai in same ta zaune tana kallon ƙofa. Na rasa yadda zan yi: in buɗe zaure in rasa ta, in rufe kuma ina kallo tana ƙarewa.

Ita ta samo mafita, ba ni mai karatun ba. Ba tare da ta shawarci kowa ba ta aika wa Gwaggo cewa ta dawo, kuma da irin kwanon nan. Ranar da ta zo, aka ce in shigo da shi da kaina. Na shiga da shi. Mahaifiyata ta karɓi kwanon ta ɗora a cinya, ta buɗe, ta sunkuya ta daɗe tana shaƙar ƙamshin. Ta sa wa aminiyarta albarka. Sannan ta turo mini shi.

"Wanke hannunka. Daga yau kai za ka riƙa ci mini."

Na kai loma, su biyun suka zuba mini ido. Inna ta tambaye ni yaya, na ce da daɗi. Ta ce wannan ba magana ba ce, malamin makaranta guda a ce bai iya bayani ba? Gishiri ya ji? Ƙulin ya daku? Ganyen ya yi laushi ko da saura? Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, har na ce sai dai yaji ya ɗan yi yawa. Sai ta tafa hannu ta ce ai ta sani, tun suna 'yan mata hannun wannan da nauyi yake wajen barkono. Gwaggo ta yi dariya har da hawaye. Sai dab da magariba ta tafi.

Labari ya zaga gari, takalma suka dawo ƙofar ɗakinta. Duk wadda ta kawo abu, Inna za ta karɓa da hannu biyu, ta shinshina, ta yi addu'a, a kira ni. In ina makaranta a ce baƙuwa ta jira, ai mai cin ya kusa tashi. Na ci ayaba har na fara gudun ganinta a kasuwa. Tela ya ƙara mini faɗin wando, abokaina suka ce su ba su taɓa ganin mai jinyar da jinya ta karɓa haka ba. Da muka koma awo, likita ya ce abin ya sauka, mu ci gaba da maganin da duk abin da muke yi. Ban gaya masa cikina ne ya ɗauki nauyin ba.

Ta yi wasu shekaru a haka, cikin mutanenta, kafin ciwon ƙodar ya ci ƙarfinta. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Na daɗe ina tunanin abin nan. Ni jininta nake gadi, ita kuwa zumuncinta take gadi, kuma ta fi ni sanin cewa ba za ta rayu da ɗaya babu ɗaya ba. Wallahi ina kewarta. Ba ma muryarta kaɗai ba, har yadda take bin hannuna da ido daga kwano zuwa baki, tana haɗiyar yawu tana murmushi.

Gwaggo na nan da rai, ta tsufa sosai, ba ta iya shiga mota. Amma duk damina sai kwanon nan ya iso, a ɗaure cikin ɗankwali. Nakan ɗauka in shiga ɗakin Inna in zauna inda na saba zama. Babu mai tambayata yanzu, amma ina kai lomar farko nake jin bakina na faɗa da kansa: "Gishiri ya ji, Inna. Yajin ne dai har yau."