Jan Furen da Aka Maƙala Mini a Ƙirji

Wata Juma'a ce cikin kaka, shekara uku bayan gama Yaƙin Jamus, masinjan Hakimi ya yi sallama a zauren gidanmu da ke Garu, nan Dutse. Ina gefe ina feƙe alƙalamin kara, a cikin gida kuwa mata na sussukar gero. Ya ce Bature ya sauka daga Kano, yana neman mutum ɗaya daga kowane gidan da nasu ya tafi yaƙi bai dawo ba.

Gidanmu na ciki. Mahaifina ba soja ba ne, ɗan dako aka ɗauke shi ina da shekara biyar, ya bi sojoji da kaya a ka. Waɗanda suka dawo, wani ya ce ya gan shi a Kamaru, wani ya ce an sa su a jirgin ruwa. Kakana, Malam, wanda ke karantar da mu, ya hana a yi masa sadaka. "Ba a yi wa mai rai arba'in," in ji shi. Haka Inna ta zauna, ba ta da miji a ɗaka, ba ta kuma da ikon takaba. Tana kiwon awakinsa, tana adana masa dabinon bishiyarsa har ya lalace.

Ni yaro ne marar magana. In tsarana sun fita langa, sai in zauna ina kwaikwayon rubutun Malam, don haka ni ya zaɓa. Ya sa na rubuta sunan Baba da ajami, da sunan ubansa, da irin tsagar fuskarsa. Sau uku na sake takarda saboda ɗigon tawada. Ya ce, "Turawa ba sa ɗaukar mutum sai sun rubuta shi a littafi. Ka miƙa wa Baturen hannu da hannu, ka tambaye shi: yana raye ko ya rasu?"

Da na isa ƙofar Hakimi ban ga littafi ba. Wani mutumin Ikko na gani da akwatin hoto mai ƙafa uku, yana cusa kansa cikin baƙin ƙyalle. Mu bakwai ne muka zo. Aka kai mu gindin dutse inda dabino ya yi inuwa, aka riƙa zaunar da mu ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kaina, mai hoto ya ɗora mini jar darar soja a cinya, wadda Baba bai taɓa sa irinta ba, ya maƙala mini wani jan fure na ƙyalle a ƙirji, mai baƙin ɗigo a tsakiya. Tafintan Baturen ya ce, "Kai ɗan malam, saki fuska, ba yanka ka za a yi ba." Mai hoto ya yi magana, sai tafintan ya juyo: "A'a, ya ce ka ɗaure ta. Sunkuyar da kai, irin na marayu." Takardar kuwa aka ce in tura ta aljihu, wai farinta na ɓata hoton.

Ina sunkuye na ji Gwaggo Dije, ƙanwar Baba, tana tambaya daga cikin 'yan kallo, "Malam tafinta, wannan jan abin fa?" Ya ce, "Na waɗanda suka mutu a yaƙi ne, Iya. A kan kaburburansu yake tsirowa a Turai." Na ji salatinta, na ji gudunta. Aka cire furen daga rigata aka maƙala wa wata tsohuwa. Baturen yana tsaye, bai fi taku biyar da ni ba. Hannuna na cikin aljihu riƙe da takardar, na kasa miƙa ta, har ya hau dokinsa.

Tun daga nesa na jiyo kuka a gidanmu. An bar gero a turmi, kaji na ci. Inna ta tsefe kitsonta, ta cire awarwaro da 'yan kunne, tana zaune a tabarma, maƙwabta sun kewaye ta. Hawaye take yi, amma rabon da in ga ta saki jiki haka tun ina ƙarami.

Malam ya kira ni zaure. "Ka ba shi takardar?" Na ce a'a. "An buɗe littafi an kira sunansa?" Na ce a'a. "Furen naka ne kai kaɗai?" Da na yi shiru a nan, da Inna ta yi wata huɗu da kwana goma ta huta. Amma an koya mini kada in ƙara wasali inda babu. Na ce guda ɗaya ne, kowa an maƙala masa.

Ya tashi ya tsaya a bakin ƙofa. "Ku yi shiru. Fure ba ya shaida." Inna, wadda ba ta taɓa ɗaga murya gaban surukinta ba, ta ce daga bayan zana, "Malam, don Allah a bar ni in yi takabar nan." Ya ce, "'Yata, ba ni na hana ki ba, shari'a ce." Maƙwabta suka ɗauki mayafansu suka fice ɗaya ɗaya. Gwaggo da kanta ta zauna ta sake yi wa Inna kitso kafin magariba.

Daga baya an ba Inna shawara ta je gaban alƙali a raba auren, ta ƙi. Ta tsufa a ɗakinta ta rasu da igiyar aurensa. Yanzu in lokacin ya zagayo nakan ga hotuna a jarida, jan fure a kan hular soja, an jera komai tsaf, sai in tuna yadda ake jera shi. Hotona ban taɓa ganinsa ba, ban san bangon da aka rataye shi ba. Ban kuma san ranar da na fara cewa "Allah ya jiƙan Baba" ba. Shekaru ne suka ba da shaidar da muka rasa, Inna ba ta nan ta ji.