Ranar da na ciro allunan mutane

Shekarun baya can, a shekarar da Gana ta samu 'yancin kai, ni mai zanen allo ne a Tamale. Allon wanzami, allon tela, rubutun jikin lori, duk ina yi. Amma ban taɓa ajiye kwafin ko ɗaya ba. In na gama, mai shi ya ɗauka, ni kuma in wanke buroshi in manta.

Sai abokina, masinja a wani ofishin gwamnati, ya kawo mini labari cewa ana neman mai zana fastocin sanarwa, aiki na dindindin. Na garzaya. Babban akawun ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ina aikin naka? Ka kawo mu gani ran Litinin." Ran Alhamis ke nan.

Daga nan zama ya gagare ni. Aikina ya cika gari, amma ba ni da abin da zan riƙe a hannu. Lorin da na fi ji da ita ta tafi Kumasi. Na ɗauko mai hoto, na ja shi unguwar Bulpiela, na ja shi kasuwa, ina ta azalzalarsa kamar ni na haife shi. Mahaifiyata ta ce, "Kai dai zauna ka ci tuwo, sai ka ce an zuba maka barkono a ƙafa." Ban zauna ba.

Ran Lahadi hotuna suka fito, gabana ya faɗi. A lokacin kowa launin sabuwar tuta yake so, ni kuwa na yi ta zuba jan rubutu a kan kore. A hoton baƙi da fari, ashe ja da kore duk toka ce. Rubutun ya ɓace. Na rufe mai hoto da faɗa, ya ce, "Masa," wato maigida, "ni haske nake ɗauka, ba fenti ba." Rabin haushin da na ji, don ya fi ni gaskiya ne.

Litinin da safe na ari amalanke, na ɗauki filaya na bi shaguna ina roƙon a ara mini alluna. Wanzami ya ce sai dai ya bi ni. Tela ma haka. Mai sayar da wake da shinkafa ta ɗaura ɗankwali ta ce, "Inda allona ya je, nan zan je." Haka na tura amalanke har ofis, mutum uku a bayana, kunya kamar ta kashe ni.

Akawu ya fito ya duba allunan ya ce, "Wa zai tabbatar mini kai ka yi su?"

Kafin in buɗe baki mai waken ta ce, "Shi ne, masa. Sati uku yana mini gobe-gobe kafin ya gama."

Wanzami ya ce, "Ni kan mutum ya zana mini kamar ƙwarya, sai da na sa ya sake."

Akawun ya yi dariya har da tari, ya ce, "Wanda ake kuka da shi haka, shi ya yi aikin. Ka zo gobe."

Tun daga ranar ba aikin da ya bar hannuna ban zana ƙaraminsa da launinsa a littafi ba, da sunan mai shi a ƙasa. Littattafan sun kai ni wurare da yawa. Amma in faɗi gaskiya, ba shafin da ya taɓa tsaya mini kamar mutanen nan uku da suka zo suka tona mini asiri a gaban akawu.